Dan Allah A Saka Darasin Canjin Kuɗi A Cikin Bitar Alhazai

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da duk ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka bani ɗan fili in amayar da wani abu da yake cina a rai tun da na dawo daga aikin Hajjin 2025. Naso in yi shiru in barshi ya wuce, amma duk sanda naji an fara shelar biyan kuɗin kujera sai abin ya dawo min sabo fil kamar jiya akayi.

Ni ɗan kasuwa ne a Katsina, harkata tafi yawa tsakanin nan da Maraɗi, saboda haka canjin kuɗi ba baƙon abu bane a wurina, kusan kullum sai na taɓa naira na taɓa sefa. To amma abinda na gani a Madina ya nuna min cewa abinda muke ɗauka kowa ya sani, wallahi ba kowa ya sani ba, kuma waɗanda basu sani ba sune suka fi yawa a cikin jirgin.

A ɗakinmu akwai wani dattijo, manomi ne daga wani ƙauye, dukkanmu Baba muke ce masa. Mutum mai kunya da kawaici, in ana hira shi dai nashi murmushi ne da carbi. Shanu ya sayar da amfanin gona na shekaru kafin ya haɗa kuɗin kujera, kuma kowa yasan kujerar shekarar ta haura naira miliyan 8. Kwananmu biyu da sauka yace min, Alhaji dan Allah ko zaka rakani in canza ɗan guzurin nan, naga kai ka saba. Nace Baba ai ba komai, muje bayan La'asar. Muka je shagon canji nan kusa da Harami, Baba ya juya baya ya kwance lalitarsa, ya ciro ambulan a naɗe cikin leda, ledar ma a cikin wani ƙyalle, ya miƙo min da hannu biyu. Ina buɗewa gabana ya faɗi. Takardu biyar ne cif kamar yadda ake bayarwa, ta sama dala 100, ta ƙasa dala 100, amma guda ukun da ke tsakiya dala ɗaya-ɗaya ce. Wato a maimakon dala 500 da hukumar alhazai ta ba kowane maniyyaci na guzuri, abinda ke hannun Baba dala 203 ne.

Na rasa ta inda zan fara. Nace Baba wa ya taɓa kuɗin nan bayan an baka? Yayi shiru, can yace babu kowa, sai dai wani yaro a sansani daren da zamu tashi, mai tsafta da shi harda kati a wuya, yana zagayawa yana cewa ana samun jabu a cikin kuɗin, kowa ya kawo a duba masa. Yace a gabana ya ƙirga Alhaji, biyar ya karɓa biyar ya bani, harda yi min addu'a. Da na nuna masa bambancin sai ya ɗaga takardun biyu yana kallo, ya daɗe yana kallo, sannan yace to ai ni duk iri ɗaya nake gani. Daga nan sai Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, bai ƙara cewa komai ba har muka koma masauki. A hanya abu ɗaya ya roƙeni, kada in bari labarin ya kai gida wurin 'ya'yansa, don kar hankalinsu ya tashi.

Dala 297 Malam Edita. A canjin lokacin ta tasam ma naira rabin miliyan. Mu 'yan ɗaki da maƙwabtan ɗaki muka yi karo-karo aka haɗa masa abinda ya sawwaƙa, amma kasan irin mutanenmu, karɓar ma sai da akai ta lallashi, kuma har muka dawo ban ga ya sake walwala irin ta farko ba.

Kuma fa maganar Baba gaskiya ce, ba wauta bace. Dalar Amurka tun daga ɗaya har ɗari girmansu ɗaya ne, tsawo da faɗi babu bambanci, kalar ma kusan duk ta tafi wuri guda, kowacce da hoton wani bature a tsakiya. Mutumin da bai taɓa riƙe dala ba a rayuwarsa, aka bashi ita da daddare cikin turmutsutsu, ga gajiya ga ɗokin tafiya ga tabarau babu, ta ina zai gane? Namu kuɗin ko makaho ya kusa ya bambance ɗari biyar da hamsin. Abinda Baba yake buƙata minti biyar ne kacal, wani ya ɗaga masa takardar yace kaga wannan, ɗaya da sifili biyu a kowace kusurwa, ga wani zare mai ruwan bula ya ratsa ta daga sama zuwa ƙasa, wannan itace ɗari, duk wadda ba haka take ba kada ka yarda, kuma kada ka miƙawa kowa ko da yace shi ma'aikaci ne. Shikenan fa. Minti biyar.

Mun yi makonni muna zuwa bita, kuma Allah ya sakawa malamanmu da alheri sun yi ƙoƙari matuƙa. An koya mana ɗaura harami, an kafa ɗan ɗaki an lulluɓe da baƙin yadi mun zagaya, an nuna mana Safa da Marwa, jifa, tsayuwar Arfa, har yadda ake shiga banɗakin jirgi an yi bayani. Amma maganar kuɗi abinda naji kawai shine a kula da guzuri akwai ɓarayi. To a kula ta yaya? Wannan shine abinda ba a faɗa ba, kuma nan ne ake cin mutane.

Bari in faɗi abubuwan da nake ganin da an gaya wa kowane maniyyaci da an huta da kuka da yawa.

Riyal ɗin Saudiyya ba kamar naira bane da zaka kwanta da farashi ɗaya ka tashi da wani. An ɗaure shi da dala tun 1986, dala ɗaya riyal 3.75, har yau bai motsa ba. Ma'ana dala 100 riyal 375 ce. Mai shagon canji zai ɗan rage ribarsa, ya baka 373 ko 372 ko abinda yayi kusa da haka, wannan halak ɗinsa ne ba cuta bace. Amma duk wanda yace maka yau dala ta faɗi, 300 ake bayarwa ko 320, to ƙarya yake, ka karɓi abinka kayi gaba. Da alhaji zai riƙe wannan lamba ɗaya tak a kansa, ɗari uku da saba'in da biyar, da rabin masu cutar sun rasa abin yi. Dala 500 ɗin da aka bamu a 2025 kuwa gaba ɗayanta riyal 1,875 ce. In mutum zai yi hadaya daga ciki, ita kaɗai ta haura riyal 700, abinda ya rage in ka raba shi a kwana talatin da 'yan kai zaka ga riyal talatin da wani abu ne a rana, a ciki za a sayi kati na waya, a hau mota, a yi aski, a sha shayi, a sayo tsarabar da duk dangi suka zuba ido suna jira. Kaga kuɗin da ma can ba yawa garesu ba balle a yage wani abu daga ciki. A shekarun baya kaɗan dala 800 ake bayarwa, faɗuwar naira ce ta jawo aka dawo 500.

Sannan shi kansa riyal ɗin sai an koya wa mutum shi. Alhamdu lillahi shi kalolinsa daban-daban ne, 500 mai ruwan bula ce da hoton Ka'aba, 100 ja ce da masallacin Manzon Allah (SAW), 50 koriya, 10 ruwan ƙasa, 5 ruwan hoda mai duhu. Inda matsalar take shine lambobin Larabci. Biyar ɗin Larabawa zagaye ce kamar sifilinmu, shi kuma sifilinsu ɗigo ne kawai. To sai kaga mutum ya kalli farashi a jikin jallabiya ko kwalin dabino ya kasa gane hamsin ne ko ɗari biyar ko biyar, ɗigo ɗaya ne tsakaninsu. Da yawanmu mun yi makarantar allo muna karanta Alƙur'ani sarai, amma lissafi da waɗannan lambobin bamu saba ba. A juya bayan takardar akwai lambar boko, wannan ma ba kowa ya lura ba. Ta wajen furuci kuma Allah ya taimakemu, ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin duk namu ne nasu ne, sai dai a kiyaye tsakanin hamsin da hamsata ashar, ɗaya 50 ɗaya 15, direban tasi in yana sauri zaka rantse abu ɗaya yace. Na ga Hajiyar da ta miƙa 50 a inda aka ce 15, ta juya ta tafi tana ganin ta biya daidai.

Kuma in an je canji kada a yarda a karɓi manyan takardu zalla. Ka riƙe 500 guda kaje sayen ruwa ko burodi na riyal biyu, ko mai shago yace babu canji, ko ya zubo maka tarin takardu da sulalla ka tsaya kana zare ido baka san ko sun cika ba, ga layi a bayanka ana ta yalla yalla ya hajji. A nemi 'yan goma-goma da hamsin-hamsin tun a wurin canjin, a ƙirga a gaban gilashin kafin a matsa ko taku ɗaya, a karɓi rasit. Kuma ba dole bane a canza duka rana ɗaya. Tunda farashin baya motsi babu asarar da zaka yi in ka canza ɗari yau ka bar sauran a ɓoye sai wani satin. Wanda ya canza duka ya cusa a jaka ɗaya ya shiga ɗawafi da ita, in aka yanke jakar shikenan an gama dashi.

Akwai kuma maganar tsohuwar dala da sabuwa, wannan ya fi shafar masu Umara da masu ƙara guzuri daga aljihunsu. Takardar dala 100 mai zaren bula ɗin nan a 2013 ta fito, 'yan canji suna ce mata bulu, wadda ta gabace ta kuma suna ce mata fara, akwai ma ta can baya mai ƙaramin kai. A dokar Amurka dukkansu kuɗi ne masu aiki babu wadda aka soke, kuma ko Babban Bankin Najeriya ya gargaɗi bankuna a 2024 su daina ƙin karɓar tsofaffin. Amma doka daban kasuwa daban. Kana zuwa wata ƙasa mai canji zai juya ta ya juya, ko ya turo maka abinka ko ya rage farashi, haka in ta yage ko an yi rubutu ko tambari a jikinta ko ta sha jiƙo. Don haka in zaka saya a Wapa ta Kano ko Zone 4 ta Abuja ko nan cikin gari, ka buɗe baki kace bulu kake so, sabuwa, kuma 'yan ɗari-ɗari, don ƙananan takardu irin 10 da 20 a wurare da yawa farashinsu baya kai na ɗari. Kada kunya ta hanaka dubawa ɗaya bayan ɗaya, kuɗinka ne. 'Yan canjin kirki basa jin haushin haka, su da kansu zasu ce maka ƙirga Alhaji. Ita Wapa ɗin ma ai sunanta daga harkar jigilar alhazai ya samo asali, kaga tun asali canji da aikin Hajji tare suka taso a ƙasar nan, bai kamata ace yau alhaji ne ya fi kowa jahiltar canji ba.

Yanzu bari in zo kan rigimar kati da tsabar kuɗi, don nasan an sha muhawara akai. A watan Fabrairun 2024 Babban Banki yace kuɗin guzurin tafiya, PTA da BTA, ba za a ƙara bayarwa a hannu ba sai ta kati. Da Hajjin 2025 ya matso akai ta kiraye-kiraye cewa yawancin alhazanmu mutanen karkara ne basu saba da kati ba, har Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sa baki, aka amince a basu a hannu. Ni a lokacin ina cikin waɗanda suka yi murna, kuma har yanzu ina ganin anyi daidai. Amma abin Baba ya sa na gane cewa mun tsaya a rabin hanya. Mun yi faɗa a bashi a hannu saboda bai iya kati ba, muka manta cewa dalar ma bai iya ta ba. Da kati aka bashi, yaron nan dai zai zo yace Baba kawo in cire maka, faɗa min lambar sirrin, kuma Baba zai faɗa, don shi a tarbiyyarsa wanda yazo taimakonka ba a zarginsa. Ko ta wace hanya aka bi, in ba a koyar da mutum ba an dai sauya wa ɓarawo salo ne kawai.

Shi katin ma mu da muke ganin mun waye ba ƙaramin wahala yake bamu ba. Na taɓa zuwa Umara da katin dala, daren farko na zagaya na'urar ATM uku kowacce ta tofo min shi, ga yunwa ga ko riyal ɗaya babu a jikina, sai wani bawan Allah ɗan Zariya da muka haɗu a jirgi ne ya ranta min hamsin. Washegari da na samu layin bankin sai aka ce wai an toshe ne saboda an ga ana amfani dashi a wata ƙasa. Tun daga ranar na ɗauki darasi, kafin in tashi sai na je banki da ƙafata na gaya musu ƙasar da zani da kwanakin da zan yi, na tambayi iyakar abinda zan iya cirewa a rana da cajin da suke yanka, na tabbatar layin da alat ke shigowa zai yi aiki a can, don wani lokacin sai an turo maka lamba ta waya kafin ciniki ya wuce, in layinka na gida a mace yake ka shiga uku. Kuma ko da kati goma nake dashi sai na riƙe 'yan takardu a jikina na kwana biyun farko.

Wani abu kuma da na'urar ke yi wanda mutane basu ankara ba, bayan ka danna adadin da kake so sai ta tambayeka, a caje ka da kuɗin ƙasar da kake ciki ko a juya maka zuwa kuɗin katinka, har ta nuna maka lissafi tsaf kamar taimakonka take. Kada ka yarda ta juya maka. In kana Saudiyya zaɓi riyal, in kana Masar zaɓi fam, in kana Dubai zaɓi dirhami, ka bar bankinka da kamfanin katin suyi canjin, don farashin da na'urar ke sakawa da kanta kusan kullum ya fi tsada. Haka in zaka biya da POS a kanti. Sannan yawanci duk cirewa ɗaya da cajinta, wanda ke zuwa kullum yana cire hamsin-hamsin ya fi asara akan wanda ya cire mai ɗan kauri sau ɗaya. Katin naira kuwa, kowa ya tuna yadda a 2022 bankuna suka rage shi zuwa dala 20 a wata daga baya ma suka rufe amfani dashi a waje gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka fara buɗewa, kowane banki da nashi iyakar. Kada mutum ya hau jirgi da zaton katinsa zai yi aiki don na abokinsa yayi, yaje ya tambaya.

Sai hanyar da kowa ya sani amma ba a cika faɗa a fili ba, wato ka tura naira ta waya zuwa wani asusu a gida, wani ɗan uwanmu mazaunin can ya baka riyal a hannu. A Makka ka leƙa wajen Misfala ko Shara Mansur Hausa zaka ji kamar kana Fagge, kuma gaskiya akwai mutanen kirki a cikinsu masu amana waɗanda suka fitar da alhazai da yawa daga kunya lokacin da guzuri ya ƙare. Ba zan zage su ba don nima an taɓa taimakona. Amma a sani, hukumar can bata yarda da canji ba sai a wurin da ke da lasisi, in aka yi kame babu ruwan ɗan sanda da cewa kai baƙo ne. Na biyu in ka tura kuɗin mutumin yace alat bai shigo ba ka dawo gobe, goben kazo babu shi babu alamarsa, wa zaka kaiwa ƙara, da wane yare, da wace shaida? In ta kama dole to ya zama wanda wani amintacce ya sani har masaukinsa, kuma a yi shi a zaune wuri ɗaya, kana turawa yana miƙo maka. Malamai ma ai sun gaya mana sharaɗin canjin kuɗi da kuɗi shine hannu da hannu kafin a rabu, ashe hikimar kenan, duk cutar da na taɓa gani a harkar nan daga jeka ka dawo take farawa.

Kada ace abin na masu zuwa Saudiyya ne kawai. Nan da Maraɗi tafiyar awa nawa ce in ka bi ta Jibiya, yarenmu ɗaya abincinmu ɗaya, amma na sha ganin ɗan Najeriya ya rikice a kasuwa. A Nijar in aka ce dala ba ta Amurka ake nufi ba, sefa 5 kenan. Dala ashirin sefa 100 ce, in mai kaya yace maka ɗari to sefa 500 yake nufi, jika ɗaya kuma sefa 1,000, alhali mu a nan in tsoho yace jaka guda naira 200 yake nufi. Sai kaga an gama ciniki lafiya lau anzo biya rigima ta tashi, kowa yana ganin ɗan uwansa ne ke son cutarsa, bayan ba wanda yayi ƙarya a cikinsu, lissafin ne ya bambanta. Ita sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 tun 1999, shi yasa take zaune daram, tamu ce ke tangal-tangal. Wajen 2014 jika ɗaya bata kai naira 400 ba, amma bayan an saki naira a watan Yunin 2023 sai da muka ga jika ta haura naira 2,000. Wanda ya daɗe bai je ba in ya tafi da tsohon lissafi a kansa, kuɗin motar dawowa ma sai ya gagare shi. Kuma sefa iri biyu ce, wannan ma mutane da yawa basu sani ba. Ta Nijar da Benin da Togo da su Senegal daban, ta Kamaru da Chadi daban, darajarsu ɗaya amma takardun ba ɗaya bane, ka ɗauki ta Maraɗi ka kai Marwa ko Njamena mai shago ba zai karɓa ba sai ka sake bi ta hannun ɗan canji ya ci nashi. Akwai yaron da na sani da aka haɗa masa kuɗin tafiya Kamaru da sefar Nijar saboda wanda ya aika sayowa cewa kawai yayi a bashi sefa.

Ga kuma manyan 'yan kasuwa masu fita da kuɗi da kauri, doka tace in abinda ke jikinka ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinta sai ka bayyana wa kwastan ka cike takarda. Bayyanawar ba laifi bace kuma ba ƙwacewa za a yi ba, ɓoyewar ce ke jawo a rasa kuɗin a kuma tsaya gaban alƙali. Wannan a taƙaice kenan, su sun fi ni sani.

To Malam Edita ga roƙona, kuma ta hannunka nake miƙa shi ga Hukumar Alhazai ta Ƙasa da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi da malaman bita da kamfanonin da ke kai mutane Umara. A ware zama ɗaya cikakke a cikin bita na kuɗi kawai. A zo da dala ta gaske, ɗaya da goma da ɗari, a zo da riyal kala biyar ɗin nan, a zagaya dasu layi-layi kowa ya riƙe ya shafa ya ɗaga ya kalla, maza daban mata daban, don wallahi iyayenmu mata abin ya fi shafa, da yawansu ko tambaya basa iya yi a cikin taro. A gayyato 'yan canji na gari masu mutunci suyi bayanin, na tabbata da yawansu kyauta zasu zo don neman lada. A buga 'yar takarda ƙarama da Hausar boko da ajami, da hoton kowane kuɗi da darajarsa, da lambobin Larabci a gefen na boko, a rubuta 100 daidai da 375 da manyan baƙi, a saƙala ta a jikin jakar wuya da ake rabawa. A daina raba guzuri cikin dare ana gab da shiga mota, a raba da rana tsaka a zaune, ma'aikaci ya ƙirga a tafin hannun mai shi yana faɗa da baki ɗari, ɗari biyu, har biyar, a gaban ɗansa ko wanda ya rako shi, sannan a shelanta da lasifika a kuma maimaita cewa daga nan babu wani mai duba jabu, babu mai sake ƙirgawa, duk wanda yace a kawo ya gani ɓarawo ne a kira jami'an tsaro. In da hali ma a duba yiwuwar bada wani kaso da riyal tun daga gida, ko da na dala ɗari ne, yadda tsoho zai sauka da abin sayen ruwa a aljihunsa ba sai ya fara neman wanda zai raka shi canji a garin da bai san gabas ba.

Mu ma 'ya'ya da jikoki da laifinmu. Zaka ga mutum ya biya wa mahaifiyarsa kujera, ya ɗinka mata kaya, ya haɗa walima, ya cika mota da 'yan rakiya har sansani, amma bai zauna da ita rabin awa ya nuna mata kuɗin da zata rayu dasu sama da wata guda ba. Ga waya a hannun kowa, hoton dala da riyal yana nan a intanet, a buɗe a nuna musu, a sake nunawa, a tambaye su har sai sun iya. Limamai su taɓo shi a huɗuba in lokacin tashi ya matso, gidajen rediyo masu shirin alhazai su ma su bashi ko minti goma ne, ku kuma jaridu dan Allah ku buga hotunan kuɗin nan a shafi guda da kala lokacin da aka fara jigila, mai karatu ɗaya zai nunawa mutum goma a ƙauyensu.

Ranar da zamu baro Makka ina taya Baba ɗaure kaya naga tsarabar tasa bata wuce dabino da 'yan carbi da hula guda uku ba, sauran wurin a jakar duk kayan sawarsa ne. Yace min jikokinsa goma sha ɗaya ne, kuma kowanne da abinda yayi masa alkawari. Takardun dala ɗaya-ɗayan nan guda uku bai canza su ba, ya mayar cikin ambulan ɗinsu yace zai kai wa malamin bitar garinsu ya riƙa nunawa masu zuwa baɗi.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Katsina.